Ina Tsoho Zai Ci Bazara?

A ƙasar Haɗejiya, da zarar watan Afrilu ya kama, gaisuwa takan sami ƙari. Bayan an yi "ina kwana" da "ina gajiya", sai ka ji an ce, "Yaya zafi?" Amsar kuwa guda ɗaya ce tun kaka da kakanni, watau "Lokacinsa ne." Da talaka da basarake, da yaro da tsoho, kowa haka yake amsawa, domin a da babu wanda yake da wata dabara a kan zafin bazara wadda ta wuce ya nemi gindin tsamiya ya shimfiɗa tabarma, ya jira ruwan fari. To, amma a 'yan shekarun nan wata sabuwar magana ta soma shiga gidajen 'yan boko, musamman waɗanda iyayensu suka yi aikin gwamnati suka ajiye. Sai ka ji 'ya'ya sun haɗu suna shawara, wai bana kada a bar Baba ya ci bazara a gida, a kai shi Jos, ko a kama masa wuri a kan tsaunin Mambila, ko kuwa ya tafi wurin babban ɗansa a Abuja inda akwai na'urar sanyaya ɗaki, ya dawo in damina ta sauka. Wannan shawara ita ce nake so mu ɗan tattauna a cikin wannan maƙala. A ido ƙaramar magana ce ta kuɗin mota da kuɗin haya, amma idan aka tona ta za a tarar da tambayar da ta fi haka nauyi, watau wane wuri ne mai sanyi ga tsoho, kuma wa ke da ikon zaɓa masa shi.

Da farko ya kamata mu san mutumin da muke magana a kansa. Bisa ga ƙa'idar aikin gwamnati a Nijeriya, ma'aikaci yakan yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Wata doka ta 2022 ta ƙara wa malaman makaranta zuwa 65 ko 40, su kuwa shehunan malamai na jami'a tun 2012 sai sun kai 70. Ke nan mai ritaya a garinmu Kaugama, galibi mutum ne da aka haifa tsakanin 1950 da 1965. Ya yi firamare a zamanin En'e, wataƙila ya soma koyarwa a guguwar shirin ilimi kyauta na 1976, ya yi aiki a tsohuwar Jihar Kano, da aka yanki Jigawa a 1991 aka maido shi Dutse ko Gumel ko Haɗejiya. Ya karɓi garatuti ya ƙarasa gininsa, yana jiran fansho a ƙarshen wata. Ba attajiri ba ne, amma ya fi maƙwabcinsa manomi da abu guda, shi ne abincinsa bai ɗaure shi a gari ba. Kuɗinsa na iya iske shi duk inda yake. Wannan 'yanci shi ya haifi tambayar tamu. Manomi ba ya ritaya, saboda haka babu wanda ya taɓa tambayarsa inda yake so ya ci bazara.

Wanda bai taɓa zama a gabashin Jigawa ba, zai yi tsammanin Kogin Haɗejiya da fadamunsa suna sanyaya ƙasar. Ba haka abin yake ba. Daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Mayu zafin rana kan haura digiri 40 kwana da kwanaki a jere, mu kuwa na tudu, irin su Kaugama da Marke da Dakayyawa, rairayinmu kan yi zafi har takalmin roba ya yi laushi a ƙafa. Wanda ya fi rana wahala shi ne dare, a lokacin da iskar damina ta fara turo danshi daga kudu alhali ruwa bai sauka ba. Bango ya wuni yana shan rana, sai ya kwana yana amayar da ita, mutum ya yi ta juyi a kan tabarma har kiran assalatu. Mu samari mukan yi ƙorafi mu wuce. Jikin tsoho kuwa ba irin namu ba ne. Masana lafiya sun nuna cewa idan shekaru suka ja, gumi yakan ragu, jin ƙishirwa ma yakan dushe, har mutum ya bushe bai ji yana son ruwa ba. Zuciya ce take ɗaukar nauyin tura jini zuwa fata don jiki ya huce, to, ina ga zuciyar da ta riga ta gaji? Ga hawan jini da ciwon sukari sun zama abokan zaman 'yan fansho, wasu magungunan hawan jinin kuma suna sa yawan fitsari, su ƙara ƙarar da ruwan jiki.

Kada mai karatu ya ɗauka tsoratarwa ce kawai. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Toure na Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu a kwana huɗun farko na wannan wata, alhali a Afrilun 2023 gaba ɗayansa mutum 130 ne suka rasu a can. Kimanin rabin mamatan sun haura shekara 60. Abin ya faɗo a goman ƙarshe na azumi, ga kuma ɗaukewar wutar lantarki. Duk wanda ya buɗe taswira zai ga Bamako da Haɗejiya kusan a layi ɗaya suke, rana ɗaya ce ke dukan su. Bambancinmu da su shi ne mu ba a ƙirga namu. Tsoho ya kwanta da azahar, kafin magariba an sallace shi, aka ce kwana ne ya ƙare, haka ne kuwa, amma ba a rubuta zafi a ko'ina ba.

Saboda haka ni ban yarda da masu cewa guje wa bazara rashin haƙuri ba ne, ko kwaikwayon Nasara. "Lokacinsa ne" gaisuwa ce mai kyau, amma ba hukunci ba ce. Tun kafin Bature ya zo, Bafulatani yakan bar tudu ya gangara fadama da shanunsa in rani ya tsananta. Masu hali na Makka tun zamanin da sukan hau Ɗa'ifa su wuce watannin zafi a cikin gonakin inabi, har ma a ƙarni na 20 gwamnatin Sa'udiyya kanta can takan koma da bazara. Ko tsuntsayen da ke sauka a dausayin Baturiya, daga Turai suke zuwa gudun sanyi, da zarar zafinmu ya kunno kai su juya arewa. Matasanmu kuma cin rani suke tafiya kowace shekara, babu wanda ya ce sun yi abin kunya. Idan saurayi na iya barin gari don neman kuɗi, ban ga dalilin da zai hana tsoho barin gari don neman numfashi ba.

Wuraren da ake ambata kuwa sanyinsu gaskiya ne, kuma dalilinsa a fili yake. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi kan ragu da kimanin digiri 6. Haɗejiya ba ta kai mita 400 a bisa teku ba, Jos tana wajen 1,200, tsaunin Mambila a Jihar Taraba kuma wajen 1,600. A watan da muke kwana a tsakar gida, mutanen Gembu da bargo suke kwana. Sai dai Jos tafiyar wuni ce daga nan, Gembu kuwa sai an kwana a hanya, a bi ta Jalingo da Bali da Serti, a hau dutse mai kwana-kwana wanda ko mai ƙarfi sai ya ji a jikinsa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya ninka, fansho kuwa bai bi shi a guje ba. Haka kuma babu amfanin a ɓoye cewa Jos ta ga tashin hankali a 2001 da 2008 da 2010, Mambila ma ta ga nata a 2017, kuma tsohon da ya ji waɗannan labarai a rediyo bai manta da su ba.

Akwai wani ɗan tarihi da ya kamata ɗalibi ya riƙe a nan. Al'adar hawa dutse don gudun zafi, a sigarta ta ma'aikatan gwamnati, Turawan mulkin mallaka ne suka shimfiɗa ta. A Indiya, daga 1864 garin Shimla ya zama mazaunin gwamnati na lokacin zafi, a kwashi manyan ma'aikata da takardunsu a hau da su kan dutse kowace shekara. A Nijeriya ta Arewa kuma Jos ce ta zama wurin hutawarsu, masaukin Hill Station don haka aka gina shi. Amma a kan wannan tsauni dai, tsakanin 1942 da 1944, aka tara dubban talakawa daga lardunan Arewa aikin tilas na haƙar kuza saboda Yaƙin Duniya na Biyu, da yawansu kuma sanyin da rashin sutura da ƙarancin abinci suka kashe su. Iska ɗaya ce, wani ta zame masa hutu, wani ta zame masa ajali, gwargwadon yadda ya zo wurin da kuma wanda ya tarbe shi.

Wannan shi ya kawo mu ga gindin maganar. A matsayina na ɗalibin Hausa, nakan lura cewa Bahaushe bai taɓa barin kalmar sanyi a hannun ma'aunin zafi ba. Idan ya ji labari mai daɗi sai ya ce ransa ya yi sanyi. Ɗan kirki sanyin ido ne ga iyayensa. Mai haƙuri ana ce masa mai sanyin hali. Amma kuma shi wannan Bahaushe, in ya karaya, sai ya ce jikinsa ya yi sanyi, ko gwiwarsa ta yi sanyi. Ashe sanyi iri biyu ne a bakinsa, akwai mai raya mutum, akwai mai kashe masa jiki. Haka kalmar inuwa. Ana zama a inuwar bishiya, ana kuma zama a inuwar mutum, waɗanda ba sa shiri kuwa sai a ce ba sa zama inuwa ɗaya. A ganina harshe ya riga likitoci gano wani abu, shi ne mutane ma inuwa ne, kuma wanda aka raba shi da su an fitar da shi rana ko da a kan Mambila yake.

Abin mamaki, ƙasashen da suka fi mu ƙirga gawa sun iske wannan magana ta hanyar lissafi. A watan Yuli na 1995 zafi ya kashe mutum fiye da 700 a birnin Shikago na Amurka cikin mako guda, akasarinsu tsofaffi. Wani masanin zaman jama'a mai suna Eric Klinenberg ya bi diddigin abin, ya kwatanta unguwanni biyu na talakawa masu maƙwabtaka da juna. A ɗaya mutuwar ta yi yawa ƙwarai, domin kantuna sun rufe, gidaje sun zama kango, tsofaffi suna tsoron fita, suka kulle kansu a ɗaki suka mutu ba wanda ya sani. A ɗayar kuwa, inda tituna ke cike da jama'a da 'yan tireda, mutuwar ba ta kai ko kusa ba. A watan Agusta na 2003 kuma Faransa ta rasa mutum wajen 15,000, mafi yawansu tsofaffi, a daidai watan da iyalai ke tafiya hutu. Wasu gawarwakin sun yi makonni babu mai zuwa ɗauka. Daga baya sai da gwamnati ta sa kowace ƙaramar hukuma ta buɗe rajistar tsofaffi masu zaman kaɗaici, don a riƙa buga musu waya in zafi ya tashi.

Mu a Kaugama muna da irin wannan rajista, sai dai ba a rubuce take ba. Tsohon da aka saba gani a sahun farko, in aka yi asuba ba a gan shi ba, kafin rana ta fito wani ya je ya yi sallama a zaurensa. In bai fito majalisa da hantsi ba, abokan hirarsa za su aiki yaro. Jika zai kawo masa kunun tsamiya, maƙwabciya ta aiko da fura, mai wucewa ya tsaya gaisuwa ya lura cewa yau maganar Malam ba ta fita sosai. Sau biyar a rana, ko fiye, ana duba shi ba tare da kowa ya kira abin dubiya ba. To, ka ɗauki wannan mutum ka kai shi gidan bene a Abuja. Ɗansa ya fita ofis da bakwai, surukarsa ma ta fita, jikoki suna makaranta, in sun dawo kuma Turanci suke yi. Ƙofa a kulle, masallaci sai da mota. Ɗakin yana da sanyi matuƙar akwai wuta, amma in aka ɗauke da tsakar rana, ko in jiri ya kwashe shi a banɗaki, sai yamma za a sani. Wane ɗaki ne ya fi aminci, wannan ko zaurensa na ƙasa? Ba kullum amsar take zama zaure ba, amma mai shawarar da bai yi wannan tambaya ba bai gama shawara ba.

Adalci ne in faɗa cewa Jos ba ta cikin wannan zargi gaba ɗaya. Gari ne da Hausawa suka zauna tun farkon haƙar kuza, akwai unguwanninsu da masallatansu da majalisunsu, kuma mai ritayar da ya taɓa aiki a can, ko yake da 'ya da ke aure a can, zai iya samun sanyin iska da na jama'a a lokaci ɗaya. Irin wannan in ya tafi ya yi daidai. Abin da nake cewa shi ne a fara zaɓen mutanen da za a sauka wurinsu, sa'an nan a duba tsawon dutsen.

Saura batun wanda ke da ikon zaɓe, kuma a nan ne maganar ta fi tsauri. 'Ya'yan da ke son ɗauke mahaifinsu, ƙauna ce ta sa su, ban yi shakka ba. Amma zuciya ba ta rasa gauraye. Akwai wanda hankalinsa ne yake so ya kwanta, don ya huta da fargabar wayar dare. Akwai wanda yake so a ce a gari, "Ai wane ya kai babansa Jos shan iska." Mutumin da ya yi shekara 35 ana yi masa canjin wurin aiki da takarda, yau Birnin Kudu gobe Kazaure, bai taɓa cewa a'a ba, ribar ritayarsa ɗaya ita ce yanzu babu mai tayar da shi. Idan 'ya'yansa suka zauna a bayan idonsa suka yanke inda zai kwana wata uku, sun zame masa wata sabuwar ma'aikata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai dai wani zai ce, ai kai da bakinka ka faɗa cewa tsoho ba ya jin ƙishirwa yadda ya kamata. Ke nan a wannan ɗaki mai ɗakin ne bai san inda yake yoyo ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban kuma raina ta ba. Amma abin da ta wajabta shi ne a gaya masa gaskiya, ba a karɓe masa ragama ba. A zauna a gabansa cikin ladabi a ce, "Baba, likita ya ce zuciyarka ba za ta ɗauki zafin bana kamar na bara ba, ga abin da muke gani, me ka gani?" In ya ƙi, a sake komawa, a haɗa da ƙaninsa ko amininsa ko limamin unguwa, waɗanda yake jin nauyinsu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne dabarar da ta zama ruwan dare, a ce masa za a je ganin likita kwana biyu, in an isa a ɓoye maganar komowa, kullum a ce mota ta lalace. Wanda ya yi wa mahaifinsa haka ya tsare jikinsa, amma ya koya masa cewa maganar 'ya'yansa ba abar riƙewa ba ce, kuma baɗi ko asibitin gaske ne ba zai yarda ya shiga mota ba. Inda kawai nake ganin 'ya'ya za su yanke hukunci su kaɗai shi ne in hankalin tsoho ya gushe har ba ya gane abin da ake faɗa masa. Taurin kai ba gushewar hankali ba ne, ko da yake mu 'ya'ya mukan so mu haɗa su in mun gaji.

Af, ga wata tambaya da ba a cika yi ba: in an kai Baba, ina Inna? Sau da yawa shawarar a kan namiji take tsayawa, domin shi ne mai fansho, ita kuwa uwargida a ce ta zauna ta riƙe gida. Alhali ita ce take wuni a cikin gida inda iska ba ta ratsawa, kusa da murhu, shi kuwa yana ƙofar gida gindin maina. In da za a auna wanda zafi ya fi dafawa, da ita za a fara sa wa a mota.

Akwai kuma haƙƙin gari. Ba na cewa mai ritaya bashi ake binsa. Fansho guminsa ne, ba sadaka ba. Amma harajin talakawa da jangalin Fulani, waɗanda sai a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a tsohuwar Jihar Kano, su ne suka gina ajin da ya zauna a ciki. Ya yi ƙuruciyarsa da ƙarfinsa yana yi wa wasu garuruwa aiki, ya zama inuwar giginya, na nesa ka sha. Yanzu da ya dawo, shi ne wanda ya san yadda ake rubuta takardar koke, ya san ofishin da ake kai ta, ya san wanda zai buga wa waya in famfon gari ya tsaya ko taransifoma ta ƙone ko asibiti ya rasa ruwan ƙari. Waɗannan abubuwa kuwa da bazara suke lalacewa. Idan duk masu wannan sani suka saba ficewa daga Maris zuwa Yuni, to, zafin Kaugama ya zama na waɗanda ba su da murya kaɗai, kuma wanda yake da ƙofar fita ba ya damuwa da gyaran ɗaki. Mutum ɗaya in ya tafi babu laifi. In abin ya zama al'adar masu albashi duka, gari zai rabu biyu, masu cin bazara a dutse da masu cin ta a rairayi, sa'annin juna, waɗanda suka yi kiwo tare suna yara.

Har ila yau, wani ɓangare na zafin da ake gudu mu muka gina shi da hannunmu, 'yan boko kuma su suka ja gaba. Soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yakan riƙe sanyin dare har azahar. Da garatuti ya zo, sai aka rushe shi aka ɗora bulo da kwano, sau da yawa ba silin, taga ƙarama, aka sare bishiyar tsakar gida don a sami wurin ajiye mota, aka malale ƙasa da siminti. Gidan ya yi kyau a hoto, amma da azahar tanderu ne. Kuɗin da za a kashe a kai mutum biyu Jos su yi wata uku, in aka juya shi, zai sa silin, ya buɗe taga, ya kafa rumfar zana, wataƙila har da fanka mai aiki da hasken rana, kuma wannan sanyi da Inna da jikoki da maƙwabcin da ya shigo hira duk za su sha. Ita maina da muke gani ko'ina, baƙuwa ce daga Indiya, a zamanin Turawa aka shigo da ita ta Borno, cikin 'yan shekaru kaɗan take yin inuwa. Mai shekara 60 in ya dasa ta yana iya zama a gindinta.

Na bar dalili ɗaya zuwa nan domin shi ne wanda tsofaffi ba sa faɗa, 'ya'ya kuma ba sa son ji. In tsoho ya ce ba zai je Jos ba saboda sharar gona, ko saboda bikin jikarsa, ko don ba ya son dankalin Turawa, sau da yawa ba wannan ba ne. Ya san bazara lokacin mutuwar sa'anninsa ne, ya raka da yawa, ya kuma san al'adarmu ba ta ajiye gawa. Wanda ya cika da safe a Jos, kafin la'asar an rufe shi a Jos, a cikin mutanen da ba su san sunan mahaifinsa ba. 'Ya'ya suna lissafin yadda za a ƙara masa kwana, shi kuwa yana lissafin inda kwanan zai ƙare, da wanda zai yi masa wanka, da waɗanda za su tsaya a sahu. Mai shekara ashirin da 'yan kai kamata ba shi da bakin da zai ce wa mai saba'in wannan lissafi kuskure ne. Abin da za mu iya shi ne mu buɗe masa hanyar faɗarsa, mu tambaye shi a keɓe, ba a gaban surukai ba. Wani in an yi masa alkawarin cewa ko me ya faru za a maido shi gida, sai ya yarda ya tafi. Wani kuwa zai ce ƙasa duk ta Allah ce, a sa masa jakarsa a mota. Wani kuma zai yi shiru ya dubi hanyar maƙabartar da iyayensa suke, to, wannan sai a je kasuwa a sayo silin da sabuwar randa.